Baba Ba Ya Shan Ruwa Sai Ya Sauke Saƙo

Shekarar da na gama karatun shari'a na dawo Tasawa da lisansi, wato digiri, a cikin jaka, ina ɗaukar doka wani ɗaki ne mai tsayi da sanyi wanda ake shiga ba takalmi. Aikin da na samu bai yi kama da wannan ɗakin ba. Sakatariya na zama a biro, wato ofishin wani dattijo da kowa ke kira Metir, wanda sana'arsa ita ce isar da takardun kotu ga masu su: sammaci, sanarwar ranar zama, hukuncin da aka yanke. Ɗaki biyu ne da baranda, sai bishiyar dogon yaro a bakin ƙofa wadda ke zubo ƙananan furanni a kan teburina duk lokacin da na bar taga a buɗe. Ni kuwa kullum a buɗe nake barinta. Metir yakan leƙo ya tarar na tallabe haɓa ina kallon yadda inuwa ke rarrafe a bango, sai ya ce, "Ɗiyata, in kin dawo daga inda kika tahi, ga takardu nan suna jiranki."

Mu uku ne a biron. Na ukun shi ne mai kai takardun, wanda nake kira Baba. Siriri ne mai ɗan farin gemu, yana da wata tsohuwar moto, wato babur, da ta san rairayin Tasawa da na Mayahi fiye da yadda na san lungunan unguwarmu. Ni nake buga takarda, Metir ya sa hannu ya buga hatimi, Baba ya naɗe ta a leda ya sa a aljihun ƙirji ya kama hanya. Can inda ya je zai rubuta a ƙasan kofin takardar da zai dawo mana da shi yadda aka yi, da manyan haruffansa masu jingina da juna kamar zangarniyar da iska ta kaɗa: an ba shi hannu da hannu ya dangwala yatsa, ko an ba shi ya ƙi dangwalawa, ko ba a same shi ba.

Metir ba ya yarda mutum ya zauna a teburi bai ga inda takarda ke ƙarewa ba. Saboda haka a watannina na farko ya sa na riƙa bin Baba wasu tafiye-tafiyen, ina zaune a bayan moto na ɗaure mayafi a ƙugu. Ta farko wani ƙauye muka je bayan Maijirgi, wurin wani manomi da aka kai ƙarar ɗansa. Rana ta take, leɓɓana sun bushe har suna mannewa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwan randa a kwanon sha, gefensa na raɓa. Na miƙa hannu.

"Aje," in ji Baba, ko kallona bai yi ba.

Na ajiye. Mai gidan ya dube mu, ya dubi kwanon.

"Malam, ruwan namu na da wani abu ne?"

"Lahiya lau yake, maigida. Sai na sauke saƙo."

"Saƙo na hana shan ruwa?"

"Nawa na hanawa."

Mutumin ya ji haushi ƙwarai, na ga jijiyar wuyansa na motsi. Amma ya aika aka kira ɗan nasa daga gona. Muka zauna muna jira, kwanon na tsakaninmu, ina kallon wata ƴar ƙaiƙayi da ke yawo a kan ruwan kamar ƙaramin kwalekwale. Da saurayin ya zo, Baba ya karanta masa takardar da Hausa, ya sa shi ya maimaita ranar da wurin da bakinsa, ya miƙa masa ita a hannu, ya sa ya dangwala yatsa. Sannan ya yi bisimilla ya ɗaga kwanon, ya sha rabi, ya miƙo mini sauran. Daga nan fa ya zama wani mutum dabam. Ya tambayi lafiyar iyali, ya yaba gyaɗar da aka shanya a tsakar gida, har ya ba su shawarar su tafi da wuri ranar zama don su sami inuwa.

A hanyar dawowa na tambaye shi dalili, ina ɗaga murya saboda ƙarar moto.

"Ke da kika yi karatun lakwal mai zurfi ba ki gane ba?" ya ce. "In na sha ruwan mutum na zama baƙonshi. Baƙo kuwa kunya gare shi. Sai mai gida ya ce mini, haba Malam, yaron ba shi nan, bar takardar wurina, ni kuma da ruwanshi a cikina in kasa cewa a'a. In ban sha ba, ɗan aike nike kawai. In na sauke, to na zama baƙo, ko tuwo aka kawo sai in ci."

"In ba ka sami mutumin ba fa?"

Ya nuna mini wani ƙaramin bidon ruwa da ke ɗaure a gefen moto. "Sai in hita bayan gari in sha nawa, mai zahi."

Ashe Metir ya daɗe da mai da wannan ɗabi'a ƙa'idar biro. Shi kansa in ya fita kai takarda haka yake yi, ni ma haka aka ce in yi. Ba a rubuta ta a ko'ina ba. Na sha ganin ta a zauruka da rugage da rumfunan kasuwa, har na daina lura da ita, kamar yadda mutum ba ya lura da numfashinsa.

A cikin wannan shekarar na san Inna. Bafulatana ce mai sayar da nono, daga wata ruga a yankin Urafan, doguwa, ba ta da yawan magana. An sace mata saniya, ja mai dogayen ƙaho, jikar wadda mahaifiyarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Bayan wasu makonni danginta suka ga saniyar a turken wani dillalin shanu a kasuwa, suka gane ta da yankan kunne. Dillalin ya ce saye ya yi wurin wani baƙo, amma bai iya nuna baƙon ba. Kotun farko ta same shi da laifin karɓar kayan sata, ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ta ce a mayar wa Inna abinta. Sai ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a birni. Muddin kuwa shari'a ba ta ƙare ba, saniya na furiyar, wato garken da hukuma ke tsare dabbobin da ake jayayya a kansu.

Biron namu na kan hanyar furiyar ɗin, kuma wani ya gaya wa Inna cewa takardun kotu ta hannunmu suke bi. Duk ranar kasuwa sai ta sauke ƙwaryarta a barandarmu, ta leƙo ta taga.

"Ɗiyar biro, takardar saniyata ta hito?"

"Tukuna, Inna."

Sai ta gyaɗa kai, ta ɗauki ɗan ƙullin dusa da kanwa da ta zo da shi, ta wuce. Na bi ta sau ɗaya. Ta tsaya a bakin shinge ta zura hannu, saniyar ta zo ta sa goshi a tafinta, suka tsaya haka ba mai motsi. Na koma biro na rubuta baiti biyu a bayan wata takarda da ta lalace, sannan na yayyaga, don ba su kai ko rabin abin da na gani ba.

Da babbar kotu ta sa ranar zama, sanarwar ta zo wurinmu. Na buga, Metir ya sa hannu, Baba ya kai wa dillalin can ƙauyensu, gaba da Gidan Amumune. Ya dawo da kofi ɗauke da rubutunsa: an ba shi hannu da hannu, ya ƙi dangwala yatsa. Ba na tuna wannan ranar ko kaɗan. Rana ce kamar sauran, mutane da yawa na ƙin dangwalawa don suna jin kamar amsa laifi ne. Ranar zama dillalin bai je ba, kotu ta tabbatar da hukuncin farko. Da na gaya wa Inna, ta rufe baki da gefen zane, idanunta kawai ke dariya.

A sanyin wannan shekarar Baba ya kwanta. Ƙirji ne. Aka kai shi likita, ya yi ƴan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Motonsa ta daɗe a jingine a gindin dogon yaro, furanni na taruwa a kan sirdinta, ba wanda ya iya matsar da ita.

Metir da kansa ya kai wa dillalin takardar hukunci. Ba a jima ba sai ga amsa: mutumin ya ɗauki aboka, wato lauya, ya ce shi sanarwar ranar zama ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Ya ce mai kai takarda ya je ƙauyen bai same shi ba, ya zauna a gindin wata bishiya ya rubuta abin da ya ga dama. Na san abin da doka ta ce a nan, na karanta shi a jami'a ina hamma. In an ba mutum sanarwa a hannunsa ya ƙi zuwa, hukunci ya zauna. In kuwa ba a ba shi ba, yana da damar a warware, a sake zaman daga farko. Ranar ce na fara ganin wannan layin doka da fuska da ƙafafu. Sake zama yana nufin watanni. Bazara ta kama, ciyawa ta ƙare, mai gadin furiyar na iya ƙoƙarinsa amma haƙarƙarin saniyar ya fara nunawa. Mutanen su Inna kuma da ruwan farko suke tashi su yi arewa da shanu, don su ba gonaki wuri.

"In ruwa ya sauka ba su ba ni ita ba," Inna ta ce da ni ta taga, "mutanenmu su tahi. Ni ina nan."

"Ke kaɗai a ruga, Inna?"

"Ita ma ita kaɗai ce a can."

Babbar kotu ta ce a zo a yi mata bayanin yadda aka kai sanarwar. Wanda ya kai ya rasu. Yatsa babu. Abin da ya rage shi ne rubutun mamaci da maganarmu. Metir ya ce ni zan tsaya, domin shi hannunsa ne a kan takardar, za a ce kansa yake karewa.

"Metir, ban tuna ranar ba. Ban je ba. Me zan ce?"

"Wa ya ce ki hwaɗi abin da ba ki gani ba? Ki hwaɗi yadda muke aiki. Tun daga teburinki har bakin zaure. Kada ki ƙara, kada ki rage."

"Har da maganar ruwa?"

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. "Aiki ne ko ba aiki ba ne?"

Ya kuma aika wa manomin nan na bayan Maijirgi, ko zai yarda ya zo ya faɗi yadda aka taɓa kai takarda gidansa. Na ɗauka ba zai zo ba, wa ke son ganin kotu da ƙafarsa? Sai ga shi a tasha da safe ya riga mu, da babbar riga mai ƙamshin akwati, yana ta faɗa da yaron mota a kan kujerar gaba. Inna ma ta zo, ta zauna kusa da ni a baya. Ni kuwa ina kallon gawo da kalgo suna gudu baya ta gilashi, ina jera maganata a zuci, tana warwarewa, ina sake jerawa.

A kotun, shaidu a waje ake ajiye su, ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ji abin da wani ya faɗa. A kan bencin waje na ga shaidan dillalin, yayansa ne, wanda shi ne babba a gidansu. Ƙaƙƙarfan dattijo mai rawani, yana jan carbi. Ya gaishe da Metir da mutunci, ya gaishe da Inna ma, ko da yake ita ta kau da kai.

Ni aka fara kira. Alƙalai uku ne a sama, na tsakiyar mai furfura a gefen kunne, shi ke magana. Dillalin na zaune a gaba kusa da lauyansa, ya harɗe hannu. Na rantse. Na kama ƙarfen da ke gabana, na ji sanyinsa ya ɗan tsayar da ni.

"Madamazel, kin ga lokacin da aka ba wannan mutum takarda?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"Kin tuna ranar da marigayin ya dawo daga can?"

"Ban tuna ba."

Na ji wani ya yi tsaki a baya. Alƙalin ya ce, "To me kika zo faɗa mana?"

"Yadda muke yi kullum."

Sai na fara. Na faɗi yadda takarda ke shigowa, yadda nake buga ta, yadda Baba ke tambayar ranar da mutum ya fi zama gida kafin ya tashi, yadda yake fara gaida mai gari, yadda yake karantawa da Hausa ya sa a maimaita. Ina cikin magana tsoro ya sake ni. Na ga kamar ina bayan moto, iska na kaɗa mayafina. Na zo kan ruwa na faɗe shi kamar yadda na faɗi sauran: ba ya shan ruwan gida sai takarda ta shiga hannun mai ita, in bai same shi ba ya tafi bai sha ba.

Aboka ya miƙe. Matashi ne mai ladabi, aikinsa yake yi. Ya ce, "Madamazel, Allah ya jiƙan marigayi. Amma ɗabi'a ɗabi'a ce. Mutum na iya yin abu kullum, rana ɗaya ya gaji ya ƙi yi. Za ki iya rantsuwa cewa wannan ranar bai gaji ba?"

"Ba zan iya ba. Abin da zan iya cewa, ban taɓa ganin ya saɓa ba, ban kuma taɓa jin wanda ya ce ya saɓa ba."

Ya gyaɗa kai ya zauna. Na koma benci cikin ɗakin, kusa da Inna, zuciyata na cewa na zubar da komai.

Aka shigo da manomin Maijirgi. Tun kafin a gama tambayarsa ya karɓe.

"Ranka shi daɗe, wanga mutum ya taɓa wulaƙanta ruwana a gaban iyalina! Ruwan randa, sabuwar randa, mai sanyi. Ya bar shi nan a ƙasa kamar na wanki. Wagga yarinya ga ta nan, ta kai hannu za ta sha ya hana ta, baiwar Allah leɓe duk ya tsage. Na ce a raina wanga ba Musulmi ba ne."

"Daga baya ya sha?"

"Sai da ya danƙa wa ɗana takarda. Sannan ya sha, har ya ce a ƙaro. Na yi wata da watanni ina jin haushi nai. Na tambaya a kasuwa, aka ce ai haka yake yi wa kowa, har hakimai. To sannan na huce. Na yahe mishi dai. Da ya bar takardar wurina da na ɓoye ta, da yaron ya shiga uku."

Mutane suka yi dariya, alƙalin ya ɗaga hannu aka yi shiru. Sannan aka kira yayan dillalin. Ya shigo a natse, bai san abin da aka faɗa kafin shi ba. Aboka ya tambaye shi, ya amsa kamar yadda aka zata: mai takarda ya zo gidansu, ƙanensa ya tafi daji duba shanu, mutumin ya zauna ya gaji ya tafi.

Alƙalin ya jingina da kujera, ya bar Faransanci ya koma Hausa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai hira.

"Alhaji, tafiya ce mai nisa daga Tasawa. Da ya iso, yaya kuka karɓe shi?"

Dattijon ya gyara tsayuwa. "Kamar yadda ake karɓar baƙo, ranka shi daɗe. Tabarma, ruwa, hura."

"Ko dai kun bar shi ya tafi da ƙishirwa? Mai kawo takardar kotu ba kowa ke son ganinsa ba."

Na ga fuskar dattijon ta canza, kamar an watsa masa ƙasa.

"A gidana? Tun zamanin kakanmu ba a taɓa hita zaurenmu da busasshen maƙogwaro ba, ko maƙiyi ne! Hura aka dama mishi da nonon safe. Shi ne ma ya tsaya yanga, ya bar ƙwarya a gabanshi har ƙuda suka taru, sai da na sa aka ruhe da faifai. Amma ya sha. Wallahi ya sha, ya shanye tas, har ya ce bai taɓa shan mai daɗinta ba a ƙasar Mayahi."

Na ji Inna ta kama gefen mayafina. Ban san ko ta gane ba, ko dai ta ji yadda numfashina ya tsaya ne.

"Da farko ya ƙi," in ji alƙalin. "Daga baya ya sha."

"Haka ne."

"Me ya faru tsakanin ƙin da shan, Alhaji?"

Dattijon ya dubi ƙanensa, ƙanen ya sunkuyar da kai. Ya dubi carbin da ke hannunsa. Na ga lokacin da ya gane, abin ya bi ta fuskarsa a hankali kamar inuwar gajimare a kan gona. Yana iya cewa ya manta. Yana iya janye maganar furar, ya ce baƙon bai sha ba, ya bar sunan gidansu a ƙasa a gaban mutane. Ya daɗe a tsaye. Tausayinsa ya kama ni, ni da na zo don a kayar da maganarsa.

"Na rantse da Alƙur'ani kahin in shigo," ya ce daga ƙarshe. "Yaron ya dawo daga daji. Aka karanta mishi. Ya karɓa, ya ƙi sa yatsa, ya cusa ta a rufin zaure. Sannan baƙo ya sha hura." Ya juya wurin ƙanen nasa. "Na ce maka kada ka sa ni cikin wagga magana."

Aboka bai ƙara tambaya ba. Ya rufe takardunsa a hankali.

Alƙalan suka shiga ciki, suka fito. Na tsakiyar ya ce kotu ta duba rubutun marigayi, ta ji yadda biron ke aiki daga bakin ma'aikaciyarsa da wanda aka taɓa kai wa takarda, ta kuma ji shaidan mai ƙara da kansa. Sanarwa ta shiga hannun mai ita. Hukunci na nan daram, a saki saniya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. A waje manomin Maijirgi ya riƙa gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya ci shari'ar. Metir ya sayi goro a bakin ƙofa ya raba mana. Can ya ce, "Ɗiyata, yau ba ki tahi ko'ina ba. Kina nan tsaye." Na juya baya don kada ya ga idona. Ina son in ruga Tasawa in tsaya a gindin dogon yaro in faɗa wa tsohuwar moton abin da ya faru. Mutum ya yi shekaru yana haƙuri da ƙishirwa a zaurukan mutane, ba don ya san wata rana za a tambaya ba, kuma ga shi ya amsa tambayar daga kabari.

Takardar sakin ta iso bayan ƴan kwanaki. Ni na buga, ni na roƙi Metir ya bar ni in kai furiyar da kaina. Da hantsi ne, hadari ya fara haɗuwa can gabas, iska na kawo ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri mai nisa. Inna ta riga ni isa. Mai gadi ya karanta, ya kwance sarƙa, ya ja ƙyauren kara gefe.

Saniyar ta ƙi fitowa. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya, tana shinshina ƙasa, ta ja da baya. Ta daɗe a ciki har ta manta ana wuce nan. Mai gadi ya ɗauko sanda zai kora ta.

"Kada ka taɓa ta," in ji Inna.

Ta shiga, ta kwance igiyar da ke wuyanta ta miƙa wa mai gadi, ta ce tasu ce. Ta shafa mata doro, ta faɗa mata wata magana da Fulatanci a kunne. Sannan ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta fita, ta kama hanyar Urafan ba ta waiwaya ba. Ni ce nake ta waiwaye. Saniyar ta ɗaga kai ta bi ta da ido, ta yi wani kuka gajere. Ta sa ƙafa ɗaya waje, ta sa ta biyu. Sai ta fara tafiya, tana tangaɗi don rama, ƙahonta na kaɗawa, ta ƙara sauri, har ta kai goshinta daidai kafaɗar Inna.

Na raka su har bayan gari, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Maza na ta sassabe, suna ɗaga kai suna duban gabas. Inna ta tsaya ta dube ni.

"Koma, ɗiyar biro, rana za ta ƙona ki. In mun dawo da kaka, in ta haihu, nonon farko naki ne."

Na tsaya a kan tudu ina kallonsu, doguwar mace da jar saniya, suna tafiya a hankali saboda mai ramar, har suka shiga cikin sabara.